Wa Za a Tambaya, Wa Zai Amsa? Alhaki da Shigar da Jama'a a Tsara Ƙirƙirarriyar Basira: Nazari Daga Gangara da Iyakar Gobir

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake gina manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu tantance wanda ya cancanci tallafi, sannan ta auna su da halin da ake ciki a Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa a Jihar Sakkwato. An nuna cewa abubuwan da na'ura ke dogaro da su, wato waya da hoton tauraron ɗan'adam da harshe, rashin tsaro da zaman iyaka sun sauya musu ma'ana a wannan yanki. Saboda haka shigar da mutanen wurin sharaɗi ne na ingancin aikin kansa. Sai dai gano wanda zai wakilce su, da wanda zai amsa idan an zalunce su, ya fi wuya fiye da yadda takardun manufofi suke nunawa.

1.0 Gabatarwa

Abin da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka daidaita a kan kiran sa ƙirƙirarriyar basira ba shi da sani na ƙashin kansa. Ana ɗura wa kwamfuta misalai masu yawa waɗanda aka riga aka san amsarsu, ta tsamo alaƙar da ke tsakaninsu, sannan ta yi hasashe a kan abin da ba a nuna mata ba. Kafin ta fara aiki, mutane sun riga sun yanke hukunci a kan tambayar da za ta amsa, da misalan da za ta koya daga gare su, da kuma inda za a ja layi tsakanin wanda ya shiga da wanda aka bari. Waɗannan hukunce-hukuncen su ne tsarawa, kuma a nan ne yawancin kurakurai suke samun gindin zama.

Manyan takardun manufofi sun amince da haka. Shawarar da ƙasashen UNESCO suka amince da ita a Nuwamba 2021, da dabarun Tarayyar Afirka na Yuli 2024, da daftarin dabarun Nijeriya na Agusta 2024, duk sun ambaci ɗaukar alhaki da tafiya da jama'a. A fassarar Hausa kuwa, kalmar da ake ta maimaitawa ita ce "masu ruwa da tsaki". Ya kamata manazarcin Hausa ya ɗan tsaya a kanta. Ruwa da tsaki abin da ake ba kaji ne, mai su kuwa shi ne mai bayarwa. A amfanin yau da kullum ma, idan aka ce wane yana da ruwa da tsaki a wata magana, ana nufin yana da ta cewa, ana jin tasa. Ke nan kalmar ta karkata ga mai iko. Wanda ake zuba wa tsakin ba ya cikin lissafinta. Idan aka kira taron masu ruwa da tsaki a Abuja aka ga ma'aikatu da kamfanoni da jami'o'i kaɗai, ba a saɓa wa kalmar ba. Wannan maƙala ta fi damuwa da waɗanda hukuncin na'urar zai faɗa a kansu.

2.0 Abin da na'ura take gani

Misali mafi kusa da mu shi ne na Togo. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin tallafin kuɗi mai suna Novissi. Da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara, sai aka haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. An zaɓi gundumomi 100 mafi talauci da taimakon hotunan tauraron ɗan'adam, sannan aka ƙiyasta ƙarfin kowane mai layi daga yadda yake amfani da wayarsa: yawan kira, da tsawonsa, da shige da ficen kuɗi. Sakamakon da Emily Aiken da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa hanyar ta rage tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari idan aka kwatanta da zaɓe ta hanyar yanki kawai. Amma idan aka kwatanta ta da hanyoyin da suka dogara ga cikakkiyar rajistar gida-gida, ta ƙara tsallakewar da kashi 9 zuwa 35. Wanda ba shi da waya kuwa, ko ƙofar shirin bai kai ba.

A Nijeriya, a Janairu 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da rajistar tallafin gaggawa, wadda ita ma ta yi amfani da tauraron ɗan'adam wajen zaɓen unguwanni, da saƙon waya wajen shigar da mutane. Don talakawan birane da kewayensu aka yi ta, ba don ƙauyuka ba. Sai dai tun da Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar masu ƙaramin ƙarfi a Yuli 2023, hujjar masu son a miƙa wa na'ura aikin ta ƙara ƙarfi. Wurin da wannan hujja ta fi jan hankali shi ne inda ma'aikacin ƙidaya ba ya iya shiga.

Gangara irin wannan wuri ne. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, cikin tsohuwar ƙasar Gobir wadda yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka raba biyu: Tsibiri ta faɗa ɓangaren Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Dangi da aure da kasuwa ba su bi wannan layi ba. Tun daga 2019 kuma yankin yake fama da hare-haren 'yan bindiga. Bari a ɗauki ma'aunan na'ura a gwada su a nan.

A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. A watan ne kuma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Mutanen bakin iyaka da dama sun koma ga layukan Nijar, waɗanda bayanansu ba sa hannun kamfanonin Nijeriya. A Afrilu 2022 kuma aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar zama ɗan ƙasa ba yin kira. Na'urar da aka ba bayanan wayar wannan lokaci shiru za ta tarar, kuma ba ta da hanyar bambance shirun talauci da na katsewar sabis da na wanda ya tsere. Akasin haka ma ya fi muni. Gidan da aka sace wa mutum yakan kwana ya wuni a kan waya, 'yan'uwa na nesa suna turo abin da ya sawwaƙa don haɗa kuɗin fansa. A idon na'urar da ta koyi cewa yawan kira da shigowar kuɗi alamar wadata ne, wannan gida mai hali ne, alhali a makon ne ya sayar da gonarsa.

Hoton sama ma haka. Taswirar dukiya da Guanghua Chi da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, wadda ta ƙunshi ƙasashe 135 a murabba'ai masu faɗin kilomita 2.4, ta haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan sadarwa da na Facebook. Irin wannan taswira gini da hanya da rufi take karantawa. Rufin kwano ba ya gudun hijira. Garin da ya watse jiya yana nan da kwanonsa yana ƙyalli, masu shi kuwa suna kwance a azuzuwan makaranta ko a zaurukan 'yan'uwa a cikin garin Sabon Birni, ko sun tsallaka. A Mayu 2020 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka tsallaka zuwa Nijar daga arewa maso yammacin Nijeriya tun Afrilu 2019 sun haura 60,000, mafi yawansu a Jihar Maraɗi.

Akwai kuma giɓi a tushen koyon kansa. Irin waɗannan taswirori daga binciken gida-gida suke koyon mene ne talauci. A babban binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018, daga cikin rukunoni 1,400 da aka zaɓa an kammala 1,389. An bar 11 saboda taɓarɓarewar tsaro, kuma mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina suke. Adadin kaɗan ne, amma ba a warwatse yake ba. Wuraren da aka tsallake su ne masu kama da Gangara, wato na'urar ta koyi darasinta ne daga inda ake zaune lafiya, ana kuma so ta yi hukunci a inda ba a zaune lafiya. Ma'aunin dukiya na irin wannan bincike yana lissafa babur da dabbobi a matsayin alamun ƙarfi. A nan kuwa shanu da babur su ne suke jawo wa mai su hari.

3.0 Harshe

Idan aka ce a kauce wa wannan ta hanyar tambayar mutane kai tsaye da manhajar murya, sai a ci karo da harshe. An samu ci gaba na gaske: ayyukan Masakhane tun 2019, da rumbun NaijaSenti na Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa a 2022, da N-ATLAS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Satumba 2025 mai aiki da Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishin Nijeriya. Amma mafi yawan rubutun Hausa da ake samu a intanet daga kafafen labarai da shafukan sada zumunta ya fito, kuma a daidaitacciyar Hausa yake ko kusa da ita, wadda aka gina a kan Kananci. Bagobiri kuwa "biyat" yake cewa, da "zamna", da "shina", da "munka" da "anka", yana kuma furta "hw" a inda rubutu ya sa "f".

Wannan ana iya gyara shi da ƙarin naɗar murya. Wanda ya fi wuya shi ne ma'ana. A ɓangaren Nijeriya jaka ɗaya naira 200 ce. A ɓangaren Nijar jikka ɗaya saifa 1,000 ce, dala ɗaya kuwa saifa 5. Mutumin da ke cin kasuwa a ɓangarorin biyu idan ya ce ya samu jikka goma, sai an san inda ya yi cinikin kafin a san nawa yake nufi. Idan ya ce dala ɗari, saifa 500 ke nan, manhajar da ta koyi Hausa daga labaran duniya kuwa tana iya ɗaukar ta kuɗin Amurka. Haka kalmar "gida". Masu bincike sukan ce gida shi ne waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya. To, magidancin da ya sauki iyalan ƙannensa biyu da suka gudo, ana girki ɗaya don hatsin bai isa a raba ba, gida ɗaya ne ko uku? Amsar da mai tsara manhaja ya zaɓa ita za ta yanke ko kaso ɗaya za a ba su ko uku. Wannan tambaya ba ta injiniya ba ce, kuma babu yawan bayanan da zai amsa ta.

4.0 Wa ke magana da yawun Gangara?

A 1969 Sherry Arnstein ta kwatanta shigar da jama'a da tsani mai matakai takwas, daga yaudara a ƙasa, zuwa sanarwa da tuntuɓa a tsakiya, har zuwa riƙe iko a sama. Yawancin abin da ake kira tuntuɓa a ayyukan fasaha a tsakiyar yake tsayawa: an gama gini, sai a tara mutane a nuna musu. Abin da ya gabata ya nuna cewa ilimin da ake buƙata, irin su ma'anar shirun waya da ma'anar gida, tun kafin a aza tubali ake buƙatar sa.

Hanyar da aka saba ita ce a bi ta hannun hakimi da dagaci da liman, a tara jama'a a ƙofar fada. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi ma da taron al'umma aka gina ta, inda mutanen gari suke fayyace alamun talauci su ambaci gidajen. Hanya ce mai ma'ana a inda sarauta take tsaye da ƙafafunta. A Nuwamba 2021 kuwa jaridu sun ruwaito cewa 'yan bindigar da ke biyayya ga Bello Turji sun naɗa nasu shugabanni a Gangara da Makwaruwa, ko da yake hukumomi sun yi jayayya da labarin. Rahotannin harajin da ake ɗora wa ƙauyukan Sabon Birni sun yawaita tun daga lokacin. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A irin wannan hali, wanda aka tarar a kan kujera ba lallai ne ya zama wanda jama'a suka yarda da shi ba, wanda suka yarda da shi kuma ba lallai ne ya iya buɗe baki ba.

Taron kansa haɗari ne. A inda zargin zama infoma yake iya cin ran mutum, ganin sa yana hira da baƙi masu riƙe da kwamfutar hannu ba ƙaramin abu ba ne. Jerin sunayen da ke nuna wane yana da shanu, wane zai karɓi kuɗi ranar kaza, yana da amfani ga mai raba tallafi, yana kuma da amfani ga mai ɗora haraji. Ba tsoro ne marar tushe ba: a Yuni 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da aka tattara a Bangaladash sun kai hannun gwamnatin Myanmar, wato wadda suka guje wa.

Sai waɗanda taron ƙofar fada ba ya gani ko da lafiya lau ake. Matar da ke cikin kulle, wadda wayar gidan take aljihun mijinta, da wadda aka kashe wa miji ta zama ita ce uwa ita ce uba. (Abin lura ne cewa tsarin Gobir na dā ya tanadi kujerar Inna, wadda al'amuran mata suke hannunta, tsarin tuntuɓa na zamani sau da yawa bai kai nan ba.) Akwai kuma makiyayin da bai ɗauki bindiga ba, wanda shi ma an kore masa shanu, yana kuma tsoron shiga kasuwa saboda 'yan sa-kai. Idan aka gina manhajar hasashen hari daga rahotannin ɓangare ɗaya, rugarsa ce za ta fito a matsayin wurin haɗari.

A ganin wannan maƙala, shigar da jama'a a nan yana nufin a bi mutane inda suka watsu, a Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato da ƙauyukan Gidan Rumji a Nijar, a zauna da su rukuni-rukuni ba tare da rubuta suna ba, a kuma ba su iko a kan abu biyu: ma'anar kalmomin da za a auna su da su, da bayanan da ba za a tattara ba sam. Na biyun shi ne wanda masu gini suka fi ƙi, domin a wurinsu ƙarin bayani kullum alheri ne.

5.0 Alhaki

Kalmar "alhaki" ta fi takwarorinta na takardun manufofi nauyi. Tana nufin aikin da ke wuyan mutum, tana kuma nufin haƙƙin wanda aka zalunta, wanda Bahaushe ya ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Matsalar ita ce a manhaja mai shi ba ɗaya ba ne. Dennis Thompson ya kira wannan matsalar hannu da yawa a 1980. Ma'aikata ta nemi aikin, mai ba da lamuni ya biya, jami'a ta gina, kamfanin waya ya ba da bayanai, mai POS ya miƙa kuɗin. Idan aka tsallake wata bazawara, kowannensu yana da amsar da ke nuna na gaba. Hannu da yawa a nan bai zama maganin ƙazamar miya ba.

Ko a inda hukumomi suke da ƙarfi abin yakan daɗe. A Holan, hukumar haraji ta yi shekaru tana zargin dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara, da taimakon tsarin lissafin da ya sa ƙasar asalin mutum cikin alamun haɗari, kafin gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021. Waɗannan iyaye suna da lauyoyi da jaridu da majalisa a kusa da su.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta yi tanadi mai kyau. Sashe na 37 ya ba mutum 'yancin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, ya kuma ambaci neman ɗan'adam ya sake dubawa da ƙalubalantar hukuncin. Sashe na 28 ya wajabta auna haɗari kafin a fara sarrafa bayanai masu iya cutarwa. Sai dai kalmar "kaɗai" ƙofa ce a buɗe: jami'in da ya sa hannu a jerin sunaye dubu hamsin da bai karanta ba ya isa a ce ɗan'adam ya shiga. Kuma kafin mutum ya ƙalubalanci hukunci sai ya san an yanke shi. Wanda na'ura ta tsallake ba a aiko masa da takarda. Gani kawai yake maƙwabcinsa ya samu. Idan hanyar koke lambar waya ce ko shafin intanet na Ingilishi, to an mayar da shi ga abin da ya sa aka tsallake shi tun farko.

Ƙasar nan ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a Gobir aka haife shi ya kuma yi karantarwarsa, ya sanya shawara cikin ginshiƙan mulki biyar a Kitabul Farƙ, littattafan siyasar jagororin jihadi kuma sun ba sauraren koken wanda aka zalunta muhimmanci. Abin da ake iya ɗauka daga nan shi ne cewa koke yana buƙatar fuska da wurin zama. A aikace, kowane tsari irin wannan ya kamata ya zo da sunan jami'i ɗaya da aka sani a ƙaramar hukuma, mai ikon sauya hukuncin na'ura da kansa, wanda ake iya samu da ƙafa ranar kasuwa, wanda kuma zai faɗi dalili da Hausa cikin wa'adin da aka ƙayyade. Yawan koken da aka karɓa da yawan waɗanda aka gyara su zama abin da ake bugawa, domin ta nan ne kaɗai za a gane ko na'urar ta fi yin kuskure a Sabon Birni fiye da Wamakko.

Masana Hausa suna da nasu kason. Idan za a naɗi Gobiranci don koyar da na'ura, aikin zai fi dacewa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tare, tun da masu karin suna ɓangarorin biyu. Amma murya ba kamar rubutu ba ce. Ko an goge suna, ɗan garinsu zai gane mai ita. Takardar neman amincewa kuma, wadda galibi manazarcin Hausa ake ba ya fassara, tana buƙatar fiye da fassara. Dole ta faɗa wa tsohuwar da ke gudun hijira inda muryarta za ta je, da wanda zai iya saurare, da yadda za ta sa a cire ta, ta kuma faɗa mata a fili cewa ko ta ƙi, buhun hatsinta yana nan. Idan mai naɗar muryar da mai raba hatsin a mota ɗaya suka zo, sai a raba ranakun zuwansu kafin a ɗauki "na yarda" ɗinta a matsayin yarda.